Ranar da Baba Usmanu Bai Yi Gaisuwa Ba

Akwai wani injiniya a Jega mai suna Khalil, haifaffen Aliero, wanda idan ka tambaye shi aikinsa sai ya ɗaga maka yatsa ɗaya. Wai da wannan yatsan yake tsayar da injin da ke can cikin dajin Maiyama, shi kuwa yana zaune a kan kujera yana shan shayi.

Kuma ba ƙarya yake yi ba. Wani kamfani ne, ba sai na kama suna ba, yake da bututun da ke kawo mai zuwa ma'ajiyarsa ta Jega. Mai ba ya yin tafiya mai nisa a cikin bututu da kansa, sai ana tura shi. Shi ya sa aka gina tashoshi a kan hanya, kowacce da manyan injinan turawa. Ta ƙarshe kafin Jega ita ce ta dajin Maiyama, injinanta biyu, kuma katangarta na kallon wata fadamar albasa.

A da, ma'aikata ne ke zaune a tashar suna kunnawa da kashewa da hannu. Daga baya aka haɗa komai da kwamfuta, aka ware ɗaki guda a Jega mai sanyi kamar randa, aka jera allunan kwamfuta a bango. Daga nan ake kunna inji, daga nan ake buɗe bawul, wato ƙofar da mai ke bi a cikin bututu, a kuma rufe shi, daga nan ake kallon gejin da ke nuna ƙarfin matsin mai a cikin bututu. Khalil ne babba a ɗakin, sai abokiyar aikinsa Mufida da ke zama a teburin gefensa.

A can tashar kuwa mutum ɗaya aka bari, Baba Usmanu. Bafillace ne da ya bar kiwo ya kama aikin tashar tun ana haƙa ramin bututun. Gashinsa ya yi fari, amma sandarsa ta kiwo ba ta taɓa barin hannunsa ba. Kullum da safe sai ya kafa kan sandar a jikin inji, ya kanga kunnensa a ɗaya bakin, ya rufe ido ya yi shiru. Daga nan ya matsa jikin bututu ya yi hakan. Ya ce yadda yake gane saniyar da ba ta da lafiya tun kafin ta kwanta, haka yake gane ƙarfe.

Ranar da Khalil ya fara ganin wannan, dariya ya yi har da riƙe ciki. Ya ce, "Baba, mu da ke da geji na miliyoyin naira, mi za mu yi da sanda?"

Baba Usmanu ya yi murmushi ya ce, "Hakanan na, Injiniya."

Akwai wani jan akwati a bakin ɗakin injinan, cikinsa da maɓallin da ake dannawa komai ya tsaya idan abu ya ɓaci. Kafin Khalil ya bar tashar a ranar, sai da ya sa wa akwatin kwaɗo, ya haɗa makullin da na motarsa. Ya ce ba ya son mutumin da bai zauna aji ba ya tsayar masa da aiki don sanda ta yi masa raɗa. Wannan ba dokar kamfani ba ce, jama'a. Dokar Khalil ce shi kaɗai.

Amma abin da ya fi ci wa Khalil tuwo a ƙwarya shi ne wayar safe. Ƙarfe tara daidai Baba Usmanu zai kira, kuma bai taɓa shiga magana ta taga ba.

"Salamu alaikum. Injiniya, ina kwana? An tashi lahiya? Ina gajiya? Yaya gida? Yaya iyali? Yaya su Alhaji can Aliero? Yaya aiki? Yaya haƙuri da mu? To madalla, madalla."

Sai an gama wannan duka, sannan zai ce inji na ɗaya ya kwana lafiya, ko kuma an ga ɗigon mai a wuri kaza. Haka aka tarbiyyantar da shi. A wurinsa, ka faɗa wa mutum buƙatarka ba ka tambayi lafiyarsa ba, ka mayar da shi bawa ke nan.

Da farko Khalil yana amsawa sama-sama. Daga baya ya ce masa, "Baba, wagga waya ta aiki ce, ba ta gaisuwa ba." Dattijon ya ba shi haƙuri, washegari ya sake farawa daga sallama. Sai Khalil ya samo dabara. Ya ajiye lambarsa da sunan "Ina Kwana". Idan ta shigo sai ya buɗe lasifika, ya riƙa ƙirga gaisuwar da yatsu yana kallon Mufida, da an kai ta biyar ya ce, "Lafiya lau, Baba, komi kore ne a allona," ya katse.

Mufida ba ta taɓa yin dariyar ba. Wata rana ta ce, "Khalil, ka san fa bayan gaisuwar nan ne yake faɗin abin da ya kira dominsa."

Ya nuna mata allo da haɓa. "Abin da zai faɗa, ga shi nan na riga shi sani."

A makon da abin ya faru, allon ya fi kowane lokaci faranta masa rai. Gejin tashar Maiyama ya tsaya a kan arba'in da biyu, ba ƙari ba ragi, layinsa a miƙe kamar an ja shi da zare. Har hoto Khalil ya ɗauka ya tura wa abokansa, wai su ga yadda aiki ke tafiya a hannun wanda ya iya. Kwana uku a jere Baba Usmanu yana kira, kwana uku ana katse shi a kan "yaya iyali".

Ranar Laraba aka ba da umarni daga sama cewa a ƙara yawan man da ke shigowa. Inji ɗaya ne ke aiki a tashar, don haka tara saura kwata Khalil ya danna ya kunna na biyu. Hoton injin ya koma kore, alamar yana aiki lafiya. Hoton bawul ɗin da mai ke fita ta cikinsa ya nuna a buɗe yake. Geji yana nan a arba'in da biyu. Khalil ya jawo kofin shayinsa.

Lokacin cirar albasa ne. Duk wanda ya san ƙasar nan ya san fadama ba ta zama fayau a irin wannan lokaci. A safiyar nan akwai mutum fiye da talatin a bayan katangar tashar, masu cira, masu yanke ganye, masu ɗurawa a buhu. A gindin katangar kuma, daidai inda bututun ya fito, wata tsohuwa da ake kira Gwaggo Kyauta ta hura wuta tana soya musu ƙosai. Khalil ya san da su. Ya sha sayen ƙosan.

Tara saura minti biyar waya ta yi ƙara. "Ina Kwana" ne.

Khalil ya ce, "Yau har ya yi sammako." Ya bari ta gama ringin ɗinta ta yanke. Nan take ta sake shigowa.

Mufida ta ce, "Ɗauka mana, don Allah."

Ya buɗe lasifika, ya ɗaga hannu ya tanadi yatsunsa don ƙirga.

"Kashe na biyu! Kashe shi yanzun ga!"

Sai wani ƙara kamar an jefar da abu, sai kuma layin ya mutu.

Hannun Khalil yana nan a sama, yatsa ko ɗaya bai lanƙwasa ba. Ya dubi allo. Kore, kore, kore, arba'in da biyu. Duk abin da ya karanta a makaranta yana ce masa lafiya lau. Kuma ya san idan ya tsayar da mai ba dalili a ranar da aka ce a ƙara, kafin azahar takardar tuhuma za ta iso teburinsa. Me zai rubuta a ciki? Cewa mai sanda ne ya ce?

Amma wani abu ya tsaya masa a rai. Shekara biyu dattijon nan yana kiransa. An yi masa tsawa, an katse shi, an yi masa dariya, bai taɓa yarda ya zubar da ko "ina kwana" ɗaya ba. Yau ko sallama babu. Ko "Injiniya" bai ce ba.

Khalil ya juya wajen Mufida. Ya ce a hankali, "Mufida, bai gaishe ni ba."

Bai jira amsarta ba. Ya kashe na biyu. Ya kashe na ɗaya. Ya ce mata ta tsayar da tashar da ke baya, mai aiko wa ta Maiyama mai, ta tsayar. Sannan su duka biyun suka zuba wa gejin ido. Duk wanda ke wannan aiki ya san idan injina suka tsaya, dole lambar ta fara sauka.

Minti ɗaya ya wuce. Minti biyu. Arba'in da biyu.

Mufida ta dafe baki. "Innalillahi. Gejin nan matacce ne."

A nan Khalil ya gane miƙaƙƙen layin da ya yi kwana uku yana alfahari da shi ba alamar ƙwarewa ba ce. Makaho ne yake tuƙa tashar, bai sani ba. Matsin da ke cikin bututun a wannan minti, Allah kaɗai ya san inda ya kai. Ya kira Baba Usmanu, aka ce wayar a kashe take. Ya sake kira, haka. Ya zari makullin mota, sai ƙaramin makullin kwaɗon nan ya soki tafin hannunsa, ya tuna jan akwatin da ya kulle. Dattijon yana tsaye kusa da maɓallin da zai tsayar da komai, kuma shi Khalil ne ya hana shi taɓawa.

Ya ce wa Mufida ta sanar da manya da masu gyara, kada kowa ya kunna komai, ya fita da gudu.

Bai san yadda ya fita daga Jega ba. Idonsa ba ya kan titi, yana can sama, yana neman baƙin hayaƙi ta wajen Maiyama. Duk motar da ta taho daga can sai ya leƙa fuskar direban, ko zai ga alamar an ga wani abu. Ƙosan Gwaggo Kyauta kawai yake gani a ransa, da harshen wutar da ke lasar kaskon. Bakinsa bai daina salati ba har ya sauka daga kwalta ya kama hanyar daji.

Da ya yi kwanar ƙarshe ya hango tashar a tsaye, katangarta fara, sama garau. Ya taka burki ya kifa kansa a kan sitiyari. Sannan ya fito daga motar.

Fadamar babu kowa. Buhuna a yashe, takalma warwatse, albasa ta mirgina har cikin hanya. Warin mai ya cika wurin. A gindin katanga murhun Gwaggo Kyauta ya zama taɓo, an kwara masa ruwa an kuma bi shi da ƙasa. Taku kaɗan daga murhun, wani mahaɗi na bututun ya yi gumi, mai ya jiƙa ƙasar da ke ƙarƙashinsa.

Can nesa, a ƙarƙashin wata tsamiya, ya hango taron mutane. Tun kafin ya isa ya fara jin muryar tsohuwar.

"Ƙosaina! Ko kwano ɗaya ban sai da ba! Wanga tsoho ya zo kamar an koro shi, ya juye min bokiti bisa wuta, ya hau mutane da sanda kamar shanunai! Ni ban taɓa ganin Usmanu haka ba!"

Khalil bai taɓa jin faɗa mai daɗin wannan ba. Mai faɗa a raye take.

Baba Usmanu yana zaune a kan saiwar tsamiyar, ba takalmi, wandonsa jiƙe da taɓo har gwiwa, sandar a kan cinyarsa. Da ya ga Khalil sai ya dafa sandar ya miƙe.

"Salamu alaikum. Injiniya, sannu da zuwa. Ina kwana?"

Khalil ya matso kusa. Sai kawai ya durƙusa a gaban dattijon, a cikin ƙasa, da wandonsa na ofis, a gaban masu cirar albasa.

"Wa alaikumus salam, Baba. Lahiya lau."

"An tashi lahiya?"

"Lahiya lau."

"Ina gajiya?"

"Babu gajiya."

"Yaya gida? Yaya iyali?"

"Lahiya lau suke, Baba." A nan ne ya saba katse wayar.

Dattijon ya bi sauran ɗaya bayan ɗaya, su Alhaji can Aliero, aiki, haƙuri da mu, bai tsallake ko guda ba. Khalil ya amsa duka. Sannan Baba Usmanu ya ce, "To madalla. Ka gahwarce ni, Injiniya, ɗazu na yi ma magana ba gaisuwa. Kuma wayar kamfani ta hwaɗa ruwa garin gudu."

Khalil ya ce, "Baba, ni za ka gafarta wa. Mi ya faru?"

"Kwana ukku ke nan bututun ga shina nishi wajen bawul. Sanda ta gaya min mai ba ya wucewa yadda ya saba. Shi nike son in hwaɗa maka, sai waya ta yanke kahin in kai. Ni ma da laihina, da na sani da na aje gaisuwa tun shekaranjiya, amma bakina bai iya ba. Yau da kak kunna na biyu, sai ƙarhen ya kama rawa, mahaɗi ya hwara zuhwa. Na tahi ga jan akwati na iske kwaɗo. Na buga mishi dutse, ya ƙiya. Sai nic ce bari in kira ka, in Allah ya sa ka ɗauka."

Bai faɗi maganar kwaɗon da gori ba. Ya faɗe ta ne kamar yadda zai ce an yi rana jiya, kuma wannan ya fi yi wa Khalil ciwo.

Da la'asar masu gyara suka gama bincike. Ƙarfen da ke ɗaga ƙofar bawul ɗin ya karye daga ciki, ƙofar ta zame ta toshe fiye da rabin hanya, amma na'urar da ke samansa tana ta aika wa Jega cewa a buɗe yake. Shi kuma gejin, 'yar siririyar hanyar da mai ke bi ya taɓa shi ta cushe da dagwalo, ya tsaya a lambar da ya gani ta ƙarshe. Inji ɗaya yana turawa, bututun yana jurewa da ƙyar. Da aka ƙara na biyu, babban mai gyaran ya ce shi dai ba zai yi rantsuwa bututun zai ƙara minti biyar bai fashe ba.

Khalil bai ɓoye komai a rahotonsa ba. Ya rubuta maganar kwaɗo, ya rubuta kwana ukun da ya yi yana katse waya. Takardar gargaɗi ta zo, ya karɓa hannu biyu, don ya san abin da ya tsallake ya fi takarda. Ya biya Gwaggo Kyauta ƙosanta da kullunta, ta karɓa tana ci gaba da mita, wai ba wanda zai biya ta tsoron da ta ji.

Kafin ya bar tashar a ranar da abin ya faru, ya buɗe kwaɗon ya cire shi daga jan akwatin gaba ɗaya. Ya miƙa wa Baba Usmanu shi da makullinsa. Dattijon ya jujjuya shi ya ce zai yi kyau a ƙofar akurkin kajinsa.

Yanzu idan ka shiga ɗakin nan na Jega, za ka ga wata 'yar takarda da Mufida ta manna a ƙasan allo, an rubuta: lambar da ta daina motsi, a je a duba ta. Ƙarfe tara kuma idan waya ta yi ƙara, Khalil yana ajiye kofin shayi ya gyara zama. Ya amsa ina kwana, ya amsa ina gajiya, ya amsa yaya iyali har zuwa madalla, ya saurari rahoton sanda ya gwada shi da na allo.

Wani sabon ma'aikaci ya taɓa tambayarsa ko gaisuwar nan ba ta cin lokaci. Khalil ya ce masa, "Minti ɗaya da rabi ce, na auna. Kuma duk safiyar da na ji dattijon nan ya fara da sallama, na san mutum talatin za su koma gida lafiya."

Darasi: Kada ilimi ko na'ura su sa ka raina mutumin da ke tsaye a inda abin yake faruwa. Allo yana nuna maka abin da aka aiko masa ne kawai, kuma shi ma yana iya makancewa. Ka yi haƙuri ka saurari na ƙasa da kai har ya kai ƙarshen maganarsa, domin sau da yawa abin da zai cece ka yana bayan gaisuwar da kake katsewa. Idan akwai wani dattijo da ka saba yanke wa waya, kira shi yau ka gaishe shi da kyau, sannan ka tura wannan labari ga 'yan uwa da abokan aiki su ma su amfana.